Baƙar Ƙasa a Bakin Siket ɗin Barista

Ni na fara gani. Ku rubuta ku ajiye. Kafin gwaggonta ta sani, kafin ogan ofishinsu ya sani, kafin shi kansa saurayin da ke cewa ya san numfashinta ya sani, ni na riga na gane cewa 'yata ta fita daga aikin lauya a zuciyarta. Kuma ba wanda ya tsegunta min. Bakin siket ɗinta ne ya faɗa min.

Masu rubuta sharhi a ƙasan rubutuna a waya wai tsohon nan ya cika baki, na ji ku, tela maƙwabcina yana karanta min. Eh, ban taɓa zama a aji ba. Wannan ma da kuke karantawa magana nake yi wa waya tana rubutawa, 'yar tawa ce ta koya min. Amma shekara hamsin da biyu ina wanki da guga. Miƙo min rigarka in gaya maka inda ka wuni, da ko matarka tana fushi da kai. Gobara ta cinye shagona sau biyu, na tashi. Hayaƙin gawayi ya kwantar da ni wata huɗu, likita ya ja 'yan'uwana gefe yana musu magana ƙasa-ƙasa. Likitan nan, ni na goge wa ɗansa rigar da ya karɓi gaisuwar rasuwarsa da ita. Na binne matata yarinyar tana da shekara shida. Duk ban karye ba. Sai yanzu, da hannuna, na yi abin da ya durƙusar da ni.

Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake ce mata. Unguwa kuwa Barista suke cewa. A ƙarƙashin teburin guga ta yi rarrafe, a kansa ta yi aikin gida na makaranta, ina ture mata rigunan mutane gefe. Ranar da ta zama lauya ta kawo min baƙar rigar kotu da farin ƙyallen wuyan nan mai harshe biyu, ta ce, "Baba, ba wanda zai taɓa min su sai kai." Na kafa ƙusa a bakin shago, daidai inda duk mai wucewa zai gani. Shekara tara, kullum da safe in goge rigar in rataye ta a nan, sai ta fito ta ɗauka.

Tela yakan ce, "Tsoho, wannan riga ce ko tuta? Ka shigar da ita ciki mana, ƙura na hawa."

In ce masa, "Kai dai ɗinka wandonka. Ranar da ka haifi lauya ka ɓoye tata rigar a ƙarƙashin gado."

Shi kuma saurayin, lauya ne a ofishinsu, ya girme ta a aiki. Mai Turare nake ce masa, don in ya kawo rigunansa sai shagon ya wuni yana ƙamshi. Dogo, fari tas ɗin riga, maɓallan hannu na azurfa, takalmi kamar madubi. Duk Asabar da kansa yake kawo wankinsa, ya tsaya ya ce, "Baba, gugarka ko a ƙasar waje ban ga irinta ba." Ni kuwa in kumbura. Ita kuma ta tsaya a bayan labule tana gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi. Ban taɓa ganin Uwata tana son abu kamar yadda take son yaron nan ba. In wayarta ta yi ƙara ta ga shi ne, sai ta yi murmushi tun kafin ta buɗe. Ya sa mata zoben alkawari, siriri mai farin dutse, saura wata uku biki.

To ga yadda na gano.

Ƙyallen wuyan lauya ba ya ƙarya. In an wuni a kotu ana tashi ana zama, ana cewa ya mai shari'a, zufa takan kwanta a bayansa, sitatin ya saki, ya dawo min da laushi. Sai na lura ranar Talata da Alhamis yana dawowa a miƙe, ƙandas, kamar yadda na ba ta shi. Na ce ko an ɗage shari'a ne. Sati na biyu haka. Sati na uku na juya bakin baƙin siket ɗinta, sai ga ƙasa a cikin kalmasa. Baƙar ƙasa mai danshi, irin ta taki. A hannun farar rigarta kuma ga ɗigon kore, na ganye. Na sansana. Ni dai na san ba a shuka komai a kotu.

Washegari da safe ta fito cikin baƙin kwat, jaka a kafaɗa, ta miƙa hannu za ta ɗauki rigar a ƙusa.

Na ce, "Uwata, alƙalin naku ya koma noma ne?"

Hannunta ya tsaya a iska. "Me ka gani, Baba?"

Na buɗe tafina na nuna mata ƙasar. Na ajiye ta tun jiya a takarda.

Ta kalli ƙasar. Sai ta janyo kujerar roba ta zauna, da kwat ɗinta da komai, ta ce, "Baba, kai da ka yi boko da mun shiga uku."

Muka yi dariya. A tsakiyar dariyar ne hawaye ya zubo mata.

Ta ce akwai wata shari'a da ta yi wa wani kamfani. Wani ma'aikacinsu ne inji ya cinye masa hannun dama, ya kai ƙara. Ita ce ta tono cewa ya makara da kwana huɗu wajen shigar da takardunsa. Kwana huɗun nan kuwa yana kwance a asibiti. Aka kori ƙarar. A ofis aka tafa mata, oga ya ce ita ce wuƙar gidan.

"Da na fito, Baba, sai na tarar da shi a matakala. Na zaci zagina zai yi. Wallahi da ya zage ni da na ji sauƙi. Sai ya ce, 'Sannu 'yata, kin iya aiki. Allah ya yi wa iyayenki albarka.' Ya ɗaga min hannun hagu. Sa'anka ne, Baba. Har irin tabon ƙunar da ke hannunka akwai a nasa."

Tun daga ranar, in ji ta, in ta ɗaura ƙyallen nan sai ta ji kamar ana shaƙe ta. Takan shiga banɗakin kotu ta yi amai kafin a kira shari'arta. Sai ta fara zuwa wani lambun renon shuke-shuke a bayan gari, na wata dattijuwa, tana cika leda da ƙasa, tana dasa 'ya'yan itatuwa. Dattijuwar ta gaji, tana neman wanda zai karɓi lambun.

"A can kaɗai nake numfashi. Ina so in ajiye aikin, Baba."

Na ce, "Shekara nawa kina karatu, ki koma wasa da taɓo?"

"Kai ba da ruwa da gawayi ka raine ni ba?"

"Don kada ki taɓa su na taɓa su!"

Ta kama hannuna, ta ce, "Na sani. Ban yanke ba tukuna. Abu ɗaya nake roƙonka, kada ka gaya wa kowa. Musamman shi. Yana da burin mu buɗe ofis tare, sunansa da nawa a allo ɗaya. Zan faɗa masa da bakina, amma sai na san yadda zan ɗauko maganar. Ka yi min alkawari."

Na yi mata alkawari. Ku ji da kyau, na yi mata.

Kwana goma na riƙe. Kullum in rataye rigar, in kalle ta. In tela ya ce, "Uban Barista, an tashi lafiya?" sai in ji kamar ya san wani abu. Na riƙa lissafa bakin mutane: za su ce 'yar mai guga dai ta koma inda ta fito. Sai na ce wa kaina, ai yaron nan yana sonta, kuma yarensu ɗaya. Ni ban san kalmomin da ake lallashin lauya da su ba, shi ya sani. In ya zaunar da ita ya yi mata magana mai daɗi, za ta dawo hanya. Haka na yi wa kaina huɗuba har na yarda taimako zan yi.

Ranar Asabar ya zo karɓar rigunansa, tana kasuwa. Na ce, "Ɗana, zauna, akwai magana."

Na zayyane masa komai. Mai hannu ɗaya, aman, lambun, har ƙasar na nuna masa, don in burge shi da basirata. Kun ji wautar.

Bai ce wayyo ba. Bai tambayi ko tana cin abinci ba. Ya gyara maɓallin hannunsa, ya ce, "Tun yaushe?"

"Kamar wata biyu."

"Talata da Alhamis ka ce?"

"Eh."

"Ranakun da take ce min tana kotun ɗaukaka ƙara ke nan." Ya miƙe. "Na gode, Baba."

Ya kwashi rigunansa, bai bar wasu ba. Mutumin da zai dawo yakan bar wanki.

Da la'asar ta shigo da ledar cefane tana 'yar waƙarta. Wayarta ta yi ƙara. Ta yi murmushin nan nata tun kafin ta buɗe. Na ga murmushin yana mutuwa a fuskarta, a hankali, kamar garwashin da aka yayyafa wa ruwa. Ledar ta faɗi, tumatir ya gangara ƙarƙashin tebur.

Ta miƙo min wayar. Ta san ba na karatu. Ta bar ni na riƙe ta ina kallon baƙaƙen kamar jaki a gaban allo, sannan ta karɓa ta ce, "Bari in karanta maka, tunda kai ka rubuta ta."

Ta karanta da muryar da take karanta takardun kotu:

"Na ji komai. Lauya na nema, ba mai sayar da fure ba. Iyayena sun san lauya zan kawo musu. Abin da ya fi ƙona min rai, wata biyu kina min ƙarya, sai a bakin mai guga zan ji. A dakatar da maganar biki."

Mai guga. Yaron da yake ce min Baba.

Amma ba wannan ce ta kashe ni ba. Ta ɗago ta kalle ni, ba ihu, ba zagi, ta ce, "Baba, duk duniya kai kaɗai na faɗa wa."

Na ce, "Uwata, gyara na so in yi."

"Ka gyara," in ji ta. Ta tsugunna ta tsince tumatirinta ɗaya bayan ɗaya, ta shige ciki.

Kafin gari ya waye sau biyu ƙanwata, gwaggonta, ta dira da mayafi a kafaɗa, tun daga ƙofa take faɗa.

"Ke wace irin yarinya ce? Miji kamar wannan, aiki kamar wannan, ki ce taki kike so? Aljanu ne suka shafe ki? Kowa da kike gani a ofis daɗi yake ji? Haƙuri ake yi! Dubi hannun ubanki. Dube shi! Wannan ƙunar duk don ki dasa barkono ya yi ta?"

Uwata tana zaune bakin gado da doguwar rigar barci, idanu sun kumbura, tana juya zoben a yatsa. Ta ce, "Gwaggo, in na koma shi ke nan kowa ya huta?"

"Kowa ya huta, har ke."

Ta waiwayo ta kalle ni. Jira take in ce wani abu. Ni da na yi wa gobara tsawa, ni da na ƙaryata likita, na sunkuyar da kai ina kallon silifas ɗina.

Ranar Litinin ta ɗauki rigar a ƙusa ta tafi kotu. Talata ma. Alhamis ma. Ƙasa ta ɓace daga bakin siket. Gwaggo ta ce alhamdulillahi. Tela ya ce, "Ka ga, dama zafin kai ne na yara." Bayan sati biyu Mai Turare ya turo saƙo wai tunda ta dawo cikin hankalinta, a ci gaba da shiri. Gwaggo ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Uwata ta ce, "To." Shi ke nan abin da ta ce. To.

Kowa ya ga an shirya. Ni kuwa wanki nake karɓa.

Da, in ta dawo aiki, a hannuna take damƙa min kayanta, ta ce, "Baba, ga shaidun yau." Yanzu sai ta jefa a kwando ta wuce. Gaisuwa kawai, ina kwana, ina wuni, kamar 'yar haya. Kwat ɗin da yake mata cif ya fara rawa a kafaɗa. Ta huda sabon rami a bel ɗinta da ƙusa, na gani. Ƙyallen wuyan kuma, to, nan ne. Zufa a baya take kwanciya, kuma rawaya take bari. Wannan tabon a gaba yake, a kan harsunan biyu, ɗigo-ɗigo, in ya bushe ya bar farin da'ira a kan sitati. Shekara hamsin da biyu, na wanke rigunan zawarawa da na marayu, na san tabon hawaye in na gan shi. Kullum. Kwana goma sha ɗaya a jere ina wanke kukan 'yata, in sa masa sitati, in goge, in miƙa mata ta je ta sake cikawa.

Jiya da safe na hura gawayi, dutse ya yi zafi, na shimfiɗa baƙar rigar a tebur. Na ɗaga dutsen. Hannuna ya ƙi sauka. Na rantse muku, hannun nan da bai taɓa yi min gardama ba. Na mayar da dutsen, na naɗe rigar yadda take a yamutse, na sa a leda. Na ɗauko takalmin roba mai dogon wuya da na saya mata tun shekaranjiya na ɓoye a bayan buhun gawayi.

Ta fito, ta kai hannu ƙusa, wayam.

"Baba, ina rigar? Ina da shari'a ƙarfe tara."

"Ban goge ba."

"Ba ka da lafiya ne?"

"Lafiyata ƙalau. Ba zan ƙara goge ta ba." Na ajiye ledar da takalmin a kan tebur, gefe da gefe. "Uwata, ni na kafa ƙusar nan, ba ke ba. Don kaina na kafa ta. Na karya miki alkawari don kada tela ya yi min dariya, gaskiyar ke nan, ba wani gyara. Ki yafe min ko kada ki yafe, amma kada ki ƙara sa wannan rigar saboda ni."

Ta ce, "Sai yanzu, Baba? Da ka faɗi haka ranar da Gwaggo ta zo."

"Ranar nan tsoro na ji."

"Kai?"

"Ni."

Ta kalli takalmin. "Ka san in na sa wannan, na rasa shi. Kuma ina sonsa, Baba. Duk da abin da ya rubuta, ina sonsa. Da ka bar ni na faɗa masa da kaina, wataƙila da ya ji ni. Yanzu har abada ba zan san ko da zai ji ni ba. Wannan ka ɗauke min."



Ta ɗauki ledar a hannun dama, takalmin a hagu, ta fita. Ban san inda ta nufa ba. Na wuni ban goge ko hankici ba. Tela ya leƙo ya ga ƙusa ba riga, ya buɗe baki, na kalle shi, ya rufe.

Gab da magariba ta dawo. Ta shiga ciki ta canza kaya, ta fito da wankin. Ba ta jefa a kwando ba. Ta zo ta damƙa min a hannu, ta tsaya.

Na juya bakin siket ɗin. Baƙar ƙasa, mai danshi, har da ɗan guntun saiwa. Na sa hannu a aljihun kwat, don mai wankin kirki ba ya jiƙa kaya bai laluba aljihu ba, kuma ta san haka tun tana rarrafe. Yatsana ya taɓa wani abu ƙarami mai sanyi. Zoben ne.

Ta ce, "Na je kotu na roƙi a ɗage shari'ar, na kai wa oga takardar ajiye aiki. Shi kuma na same shi a ofis, na ce ya ba ni minti biyar. Ya ce in saka rigar kotu tukuna in ina son magana da shi." "Ka mayar masa, Baba. Tunda kai ka iya kai saƙo."

Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Ina jin kukanta ta cikin katako, irin wanda rabona da ji tun ranar da muka dawo daga binne uwarta. Na zauna a bakin ƙofar da zobe a tafina. Ban ƙwanƙwasa ba. Ba ni da wannan ikon yanzu.

Yau da safe na zare ƙusar da filaya. Na wanke babbar rigata fara, na sa mata sitatin da ban taɓa sa wa rigar kowa ba, na goge ta har tana iya tsayuwa da kanta. Zoben yana aljihun gaba. Ofishinsu hawa na huɗu ne, kuma gwiwata ba ta son matakala, amma zan hau. Zan ajiye masa a kan tebur a gaban ogansa, in ce mai guga ne ya kawo.

Ni na fara ganin ta bar aikin nan, kuma ga wani abin da na riga kowa gani: takalmin robar ba ya bakin ƙofa yau, tun da sassafe ta sa shi ta fita, da kumburarrun idanunta. Yarinyar da ta iya tashi da irin wannan ciwon ta tafi ta ba wa shuka ruwa, jinina ce, ba za ta karye ba. Ko za ta sake ce min "ga shaidun yau", wannan ban sani ba, kuma shi ne yake cina.

Wanda ya ce ƙarya nake, ya zo shagon, ramin ƙusar yana nan, ya sa yatsa ya ji. Wanda kuma yake ganin 'yata ta faɗi, kada ya rubuta a ƙasan nan inda tela zai karanta min. Ya zo ya tsaya a gabana ya faɗa, dutsena yana kan wuta.